Jar Leda a Walimar Alhaji Mahamane

Aissa ta sunkuya za ta ɗaure bakin ledar shara a kicin ɗin Hajiya Fassouma, matar Alhaji Mahamane, sai idonta ya sauka kan wata kalma. Ɗaya daga cikin ledojin sosis da ta yage da safe ce ta manne a sama, maiƙo ya ɓata rabin rubutun. Ta ciro ta, ta goge da babban yatsa. Turancinta kaɗan ne, amma ta yi lakwal, makarantar boko ta Faransanci, a Maraɗi har shekara tara, kuma harafi ɗaya ne ya raba wannan kalma da ta Faransanci. Pork. Naman alade.

Ta tura hannu cikin sharar, ko ƙyama ba ta ji ba. Leda biyar ta juye a tukunya da hantsi. Uku ruwan ƙasa ne, na naman shanu, tun Laraba ta sayo su, ta duba su sau biyu. Biyun ja ne. Da safiyar nan ta tsaya a wani kanti a titin High Point don ta ga ukun ba za su isa ba. Mijinta Ousseini yana waje cikin tasinsa yana danna mata hon, ta ga hoto iri ɗaya a jikin ledojin, ta sura ta fito.

Ta dafa bakin wurin wanke-wanke.

Doris ce ta koya mata girkin, wata baƙar fata da suke ninke zannuwan gado tare a otel. Ƙananan sosis, kwalbar jam ɗin inabi, kwalbar miyar gasa nama, a zuba a tukunyar lantarki mai dafa abu a hankali, a rufe, a manta da ita awa uku. Aissa ta ƙara barkono da citta don ya yi bakin mutanen gida. Ta so ta zo da abin da ba wanda ya taɓa kawowa, don walimar ba ta kowa ba ce. Kwana huɗu ke nan da Alhaji Mahamane ya dawo daga Hajji, kuma a gidan nan nasa na McLeansville ita da Ousseini suka zauna wata tara da suka sauka Amurka. Shi ya samo wa Ousseini tasi. Shi yake tsaya musu a komai.

Ba a fi awa ɗaya ba da Alhaji ya sa aka kira ta bakin ƙofar falon maza. Yana zaune cikin farar jallabiya, kansa a aske, tsinken sakace a hannunsa da sosis a soke.

"Ke kika yi wannan, ɗiyata? Allah ya yi miki albarka. Na bakwai ke nan nake ci."

Maza suka yi dariya, Ousseini ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ta koma kicin a lokacin kamar ba ta taka ƙasa.

Yanzu ta dunƙule jajayen ledojin ta cusa cikin hannun rigarta. Tukunyar tana kan tebur, ƙaramar fitilarta a kunne, miyar tana ɓararraka a hankali. Saura kamar kashi ɗaya cikin uku.

Chamsiya ta shigo da faranti a hannu. Matar wani abokin Ousseini ce, ita ke kai wa maza abinci.

"Aissa, ƙaro musu, sun ce ya ƙare. Har Malam Sanusi na jami'a yana tambayar yadda ake yi, wai zai faɗa wa matarsa."

"Ya kama," in ji Aissa. "Ƙasan ya ƙone."

"Ina? Ni ban ji ƙauri ba." Chamsiya ta miƙa hannu za ta ɗaga murfin.

Aissa ta fizge wayar tukunyar daga bango, ta rungume tukunyar da zafinta. "Na ce ya ƙone. Kai musu fankasau."

Chamsiya ta bi ta da ido har ta tura ƙofar gareji da kafaɗa.

Garejin da sanyi, ga warin man mota. Ta ajiye tukunyar kan babban firigon da Hajiya ke adana nama. Sai a lokacin ta ji hannuwanta suna raɗaɗi. Ta ƙaramar taga tana hango fili a bayan gidan, busasshiyar ciyawa har bakin itatuwa, ba kowa. Taku ashirin ne. Ta juye a can, ta wanke tukunyar, ledojin kuma ta jefar a kwandon otel gobe. Wa zai sani?

In kuwa aka sani, ta san yadda za a yi. Shekara biyu da suka wuce aka gano mijin wata mata yana sayar da giya a shagonsa. Ba wanda ya ce wa matar komai, amma duk bikin da ta kawo kwano, haka yake komawa a rufe, har ta daina zuwa. Wannan giya ce a shago. Ita kuwa alade ta ba mutum arba'in, ta ba Alhajin da ko ƙafarsa ba ta huce daga Makka ba. Kafin magariba wani zai kankare katin waya ya kira Maraɗi. Mahaifinta limamin unguwa ne. Ta ga fuskarsa, ta ga ta Ousseini da yake murmushi ɗazu.

Ta ɗauki tukunyar, ta kama mariƙin ƙofar baya.

Sai ta ji ruwa yana gudu a bututun da ke cikin bango, ya tsaya, ya sake gudu. Maza ne suka fara alwalar la'asar. Za su kurkure baki sau uku kamar kullum, su tsaya a bayan Alhaji, da maiƙon abin a yatsunsu da hannun rigunansu, wasu ma ba za su sake alwala ba. Matan da ke ɗakin sama haka. Su ba su sani ba. Ita ta sani.

Ta tsaya da tukunyar a hannu, ta kasa buɗe ƙofar, ta kasa sakin mariƙin.

"Me kike yi a nan cikin sanyi?"

Hajiya Fassouma ce a bakin ƙofar kicin, ta cika ƙofar da jikinta da lafayarta. Shekararta goma sha biyar a Amurka, kuma duk matan Nijar da ke Greensboro sun san harshenta. Aissa ba ta taɓa haɗa ido da ita ba.

"Chamsiya ta ce kin gudu da tukunya. Ba ki da lafiya ne?"

Aissa ta ajiye tukunyar a ƙasa, ta durƙusa kan siminti. Ta zaro ledojin daga hannun riga ta miƙa.

"Mama, na yi ɓarna. Wallahi ban sani ba. Biyun nan akwai alade a ciki. Kowa ya ci. Baba Alhaji ma ya ci."

Ta runtse ido tana jiran ihu. Ba ta ji komai ba sai ƙugin firigo. Da ta buɗe ido, Hajiya ta warware leda ɗaya tana kallonta, ta juya gaba, ta juya baya.

"Wannan ja ɗin?"

"Ita ce, Mama."

"A ina aka rubuta? Nuna mini."

Aissa ta tashi, ta ɗora yatsa kan ƙananan haruffan. Hajiya ta daɗe tana kallon wurin. Daga nan ta matsa, ta ɗaga murfin firigon, ta kawar da cinyar rago da ledojin kuɓewa. Ta ciro wani abu da ƙanƙara ta lulluɓe, ta goge shi da gefen lafayarta. Jar leda ce, ba a buɗe ba. A ƙarƙashinta akwai wasu uku.

"Karanta mini wannan."

Aissa ta karanta. Kalmar nan ce dai, sai ta gyaɗa kai.

Hajiya ta zauna kan wani bokitin fenti. "An ce mini na talotalo ne. Ni da launi nake ganewa." Ta ɗora jar ledar kan cinyarta. "Shekara biyu ina soya wa Alhaji da ƙwai duk Lahadi. Ranar da zai tashi Makka ma shi ya ci."

Daga cikin gida suka ji ana jan kujeru, ana shimfiɗa tabarmi. Wani ya yi gyaran murya zai tayar da iƙama.

Hajiya ta miƙo hannu. Aissa ta kama don ta ɗaga ta, sai Hajiya ta ƙanƙame hannunta, ta miƙe.

"Riƙe ni," in ji Hajiya. "Ni zan yi magana. Ke dai kar ki sake ni."

Suka ratsa kicin, suka wuce Chamsiya da farantinta, har ƙofar falon maza. Hajiya ta ɗaga hannun da ke riƙe da jar ledar, ta ƙwanƙwasa.