Faranti Na Bakwai

A ɗakin gwajin kowa Mai Allura yake ce mata, don in ta ɗebi jininka sai ka ga auduga a hannunka kafin ka san an soke ka. Shekara tara tana wannan aiki, ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Binciken nasu a kan ciwon mantuwa ne. Daga jinin mutum, a cikin ƙananan farantai, suke rainon irin ƙwayoyin da ke yi wa ƙwaƙwalwa hidima, waɗanda Farfesa, shugaban ɗakin, yake kira masu shara. Aikinsu kwashe datti. Amma akwai wani gado na jini da in mutum ya ɗauko, masu sharar nan sai su fusata, su tayar da kumburi, su riƙa cinye gidan da aka ba su tsaro. In an ɗiga musu rini, na mai lafiya su tsaya kore, na mai wannan gado su yi jajir.

Kanta biyu ce a cikin na'urar ɗumama farantan: ta sama ta marasa lafiya, ta ƙasa ta masu lafiya, don a kwatanta. A ta sama akwai farantin Babanta, tsohon mai gyaran agogo wanda yanzu sai ya riƙe cokali ya rasa me ake yi da shi. Da masu lafiya suka gaza da mutum ɗaya, ta yi abin da ma'aikatan irin wannan wuri suka saba: ta naɗe hannun riga ta ɗebi nata jinin, ta rubuta lamba bakwai, ba ta gaya wa kowa ba.

Bakwai ya fito ja. Ta sake, ya fito ja. A karo na uku ma ja ya fito, tsoro ya kama ta sosai.

Da hantsi Farfesa ya leƙa madubin duba ƙwayoyi, ya ɗago yana murmushi.

"Yau dai gwani ya faɗi! Kin haɗa farantai. Wannan ai kamar an tsaga kara da na dattijon can na sama. Zubar da shi."

"Ban haɗa ba, ranka ya daɗe. Sau uku na yi."

"To jinin wa ye?"

Idonsa ya sauka a kan filastar da ke gwiwar hannunta, murmushin ya ɗauke. Ya jawo kujera ya zauna, mutumin da ko shayi a tsaye yake sha.

"Ki saurare ni, 'yata. Gado ba hukunci ba ne. Akwai masu ɗauke da shi har su tsufa lafiya lau. Ba dole sakamakon nan ya shiga binciken ba. Ki zubar, ni ban ga komai ba."

Ta so ta zubar, wallahi ta so. Sai ta tuna safiyar nan, Baba ya kalle ta yana tambaya cikin ladabi ko ita ce sabuwar mai aiki. Ta tuna 'yarta mai shekara shida, wadda kowa yake cewa idon kakanta ta kwaso. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji mutane, amma ba su faɗi me zai gada ba.

"In na zubar, me za a sani a kan irinmu kafin ciwon ya zo?" ta ce. "Ina da 'ya, ranka ya daɗe."

Ta sa safar hannu, ta rubuta sunanta a littafin masu ba da jini. Sannan ta ɗauki faranti na bakwai daga kantar ƙasa, ta matsar da na Baba kaɗan, ta ajiye shi a gefensa.