Garin da Baba Braimah Bai Gani Ba

Hamdatu na riƙe da kunne ɗaya na akwatin, Baba Braimah na riƙe da ɗayan, sai ya saki a hawa na uku ya zauna a kan matakala. Lif ɗin gidan ya kwana huɗu ba ya aiki.

"Bari in sha iska, ɗiyata."

Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka a wannan bene na unguwar Highbridge da ke Bronx, ƙofarta na kallon tasa. Shi mutumin Zangon Kumasi ne, ya tuƙa tasi shekara ashirin da shida kafin gwiwa ta ajiye shi. Ita kuwa Bakanuwa ce, aikinta jinyar tsofaffi gida-gida. Don haka da ya ɗage wando zai sosa ƙafa, ba sai an gaya mata ba. Ƙafar ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Baba, tun yaushe?"

"Sati biyu. Kada ki faɗa ma Afua."

Saura kwana tara shi da matarsa Afua su tashi. Ƙaninsa Moro ne ya ja hankalinsa zuwa wani ƙaramin gari na bakin teku a kudancin Sifen, inda yake sayar da takalma a kasuwar da ke ci duk Alhamis. A cewar Moro, hayar wata ɗaya a Bronx za ta riƙe su wata uku a can. Gidan ƙasa ne ba bene ba, ga ɗanyen kifi kullum, ga masallacin 'yan Maroko kusa, sanyin garin kuma ba ya shiga ƙashi. Wata takwas Braimah yana zirga-zirgar ofishin jakadanci kafin takardun zama su fito. Ya sallami gidan haya, ya raba kujerunsa, har ya tsinci 'yan kalmomin Sifaniyanci a kantin da ke ƙasan bene, yana gaida kowa da su.

"Likita na ganina zai ce ba zan hau jirgi ba," in ji shi. "Na san halinsu. Can ma akwai asibiti."

"Awa bakwai a sama, Baba, da wannan numfashin?"

"Ni da nake awa sha biyu a zaune cikin mota?"

Ita kaɗai ta ƙarasa sauke akwatin. Ranar a wurin aiki sai da ta ƙirga ƙwayoyin maganin wata tsohuwa sau uku, hankalinta na wani wuri. Washegari da hantsi, da ta ji fitarsa, ta ƙwanƙwasa ƙofar. Afua na ninke zannuwa a ƙasa. Hamdatu ta faɗa mata komai a tsaye, ba ta yi kwana-kwana ba.

Afua ba ta ɗago ba. "Takalminsa ya daina shiga, na gani. Ina jira ne wani ya faɗa, don ni bakina ya ƙi."

A asibiti aka ce zuciyarsa ta yi rauni, ruwa ya taru a huhu. Kwana bakwai Hamdatu na zuwa dubiya bayan ta tashi aiki, kwana bakwai yana juya fuska bango. Ba ta fasa zuwa ba. Takan ajiye kunu, ta gaida Afua, ta zauna.

Ranar da jirginsu zai tashi, shi ya fara magana.

"Yau ne ko?"

"Yau ne, Baba. Ka yafe ni."

Ya juyo ya dube ta. "Da a jirgi abin ya same ni, da an sauke Afua da gawa a inda ba ta jin yaren kowa." Ya ja numfashi. "Amma na so in ga tekun nan, ɗiyata. Gyara mini matashi."

Ta gyara. Ranar Asabar bayan azahar ya cika, Afua na riƙe da hannunsa. An yi masa salla a wani masallaci da ke gefen titin Grand Concourse, tasi-tasi suka yi layi har kwanar titi, aka kai shi maƙabarta a New Jersey.

Gidan an riga an ba wasu, don haka a ɗakin Hamdatu Afua ta yi takaba. Da ta fita daga takabar, kowa ya ɗauka Kumasi za ta koma.

"Sifen zan tafi," in ji ta. "Matar Moro ta share mini ɗaki. Tukwanena ma sun riga ni isa."

"Mma Afua, ke kaɗai?"

"Wani daga cikinmu dai ya je."

Hamdatu ta raka ta filin jirgi, ta dawo a jirgin ƙasa da la'asar. A zauren bene ta tsaya buɗe akwatin wasiƙunta, sai ta ga na kusa da shi. Sabbin masu hayar ba su canza 'yar takardar sunan ba, tana nan da rubutun hannun Baba Braimah, biron ya fara koɗewa. Ta sa farce ta zaro ta a hankali, ta saka a jaka, ta danna lif.