Sitatar Baba Mai Agogo

Babur ɗin Baba Mai Agogo ya girme ni da shekara biyu, ya kuma fi ni ƙoshin lafiya. Abu ɗaya ne ya mutu a jikinsa, sitata. Idan ka danna maɓallin sai ka ji tana wiii a banza, injin ko motsi ba ya yi. Shekara ashirin Baba bai damu ba, da ƙafa yake kunna abinsa. Da gwiwarsa ta dama ta ƙi, ya gwada buga kik wata safiya, babur ya kwanta a kansa a ƙofar gida. Bayan mako biyu ya turo shi garejina da hannu, yana ɗingishi.

Ko awa ɗaya ba a yi da tafiyarsa ba sai ga babban ɗansa, wanda kowa ke kira Manaja, a mota mai sanyi. Ya tsaya nesa da baƙin mai yana tattare bakin wando. Ni dama ba na shiri da masu yi wa gareji kallon bola.

"Malam, alfarma na zo nema," in ji shi. "Kada ka gyara babur ɗin nan. Ka ce masa ba a samun kayansa."

"To ni bakanike ne ko maƙaryaci?"

"Shekararsa saba'in da shida. Wannan karon a ƙofar gida ya faɗi. Idan a tsakiyar titi ne fa? Mamarmu ga ta nan, ba ta gane kowa. Ba zan iya da biyu ba."

Da na ji haka, sai haushin da nake ji ya sauka. Tsoro ne ya kawo shi, kuma na san irinsa, don ni ma na yi jinyar uba. Na ce masa zan buɗe in gani, ban yi alkawarin komai ba.

Washegari na tsiyaye baƙin mai, na cire murfin hagu, na sa fula, wato ƙarfen fizgo faifai, na zare babban faifan injin. A bayansa kulocin sitata yake. Ba wani abin kirki ba ne a ido: ƙananan rola uku kamar gaɓar ɗan yatsa, kowace da siririn sifirin da ke tura ta. Idan sitata ta juya, rolar nan su ke cafke wani ƙarfe mai haƙora su juya injin, da ya tashi kuma su sake shi. A na Baba, sifirin biyu sun karye, na ukun ya lanƙwashe ya gaji da duniya.

Na zagaya shagunan kayan gyara biyar. A na huɗun mai shagon ya yi mini dariya, ya ce kakansa ne ya sayar da na ƙarshe. Na dawo da wani irin sauƙi a raina, abin kunya. Ga shi ba sai na yi ƙarya ba.

Da Baba ya zo na nuna masa gutsattsarin a tafin hannuna. "Baba, sifirin ne, kuma an daina yin su. Sai haƙuri."

Ya zaro gilashin nan na masu gyaran agogo daga aljihu, ya maƙala a ido, ya ɗauki lanƙwasasshen ya jujjuya.

"Wannan ne ya gagare ka? Da waɗannan yatsun naka masu kama da sifana, ai dole."

Ya tafi, ya dawo da wani tsohon akwatin gwangwani. Ya zauna a bencina, ya share wuri da gefen hannu kamar gidansa. Ya zaɓi waya a cikin nannaɗe-nannaɗen da ya ajiye tun yana da shago, ya auna kaurinta, ya shiga naɗe ta a jikin wata siririyar ƙusa yana ƙirga zagaye a hankali. Mutumin da bai iya hawa matakala biyu ba sai da nishi, hannunsa ko girgiza ba ya yi. Na farko ya yi tauri, ya jefar. Na biyu ya danna shi da farce, ya gyaɗa kai.

Na ga abin zai yiwu, sai na fara kame-kame.

"Baba, ina za ka ne da babur a wannan shekarun? Ga Manaja da mota."

"Ya zo nan, ko?" Bai ɗago ba. "Na ga sawun tayarsa a ƙofarka."

Ya ci gaba da naɗin wayarsa, sai da ya haɗa uku masu kyau sannan ya yi magana.

"Ba inda za ni, ɗana. Daga bakin layinmu zuwa ƙofar gida ne kawai. Uwar yaran nan ta manta fuskata. Idan na shiga da ƙafa, sai ta ja mayafi ta ce wane ne wannan baƙon, a fitar da shi kafin maigidanta ya dawo. Amma shekara arba'in tana jin ƙarar babur ɗin nan idan na taso daga shago, kuma wannan ba ta manta ba. In na tura shi bakin layi na kunna na shigo, to ni ne mijinta. Har ta tambaye ni ko an yi ciniki."

"Ba wanda zai buga maka kik ɗin?"

"Maƙwabta sun yi. Amma a yini sai ta manta ni sau uku, sau huɗu. Wa zan riƙa ƙwanƙwasa wa ƙofa sau huɗu? Yau kwana goma sha shida ina baƙo a gidana."

"Manaja ya sani?"

"Ranar hutu yake zuwa, ya yi awa ɗaya. Kuma yaya zan dubi ɗana in ce uwarsa tana korata?"

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan aiki. Na wanke komai da fetur, na goge inda rolar ke kamawa da samfefa mai laushi har ya yi sumul. Wajen sakawa sifirin ɗaya ya yi tsalle ya ɓace, muka yi minti goma ina rarrafe a ƙasa, Baba yana ba ni umarni daga kan benci. A cikin takalmina muka same shi. Daga nan ya karɓe aikin da ɗan hantsakinsa, ya ɗiga man giris kaɗan don ya riƙe kowace rola, ya zaunar da su ɗaya bayan ɗaya. Na juya ƙarfen nan mai haƙora da hannu: gefe ɗaya yana tafiya sululu, ɗaya gefen ya cije. Na ɗaure kusoshi, na mayar da murfi, na zuba sabon mai.

Na ce masa ni zan kai masa babur ɗin gida da yamma. Da ya tafi na kira Manaja, na ce na gyara. Ya fara faɗa, na ce ya ajiye faɗan ya same ni a bakin layinsu ƙarfe biyar, in ya ga dama ya zage ni a can.

Ya riga ni zuwa, fuska a ɗaure. Baba ya fito yana ɗingishi, ya ga ɗansa, ya dube ni. Na riƙe masa babur ya hau.

"Baba, don Allah," in ji Manaja.

"Je ka tsaya a ƙofar gida," na ce wa Manaja. "Kada ka shiga, tsaya kawai."

Ban san abin da ya sa ya bi maganata ba, amma ya bi, ni ma na bi bayansa. Gida goma ne tsakani. Muna isa muka ji sitata ta yi ƙara sau ɗaya, ta kama, injin ya tashi da tsohuwar muryarsa mai kauri. Baba ya taho a hankali, ƙafafunsa biyu kusan suna jan ƙasa. Ko mai tafiya a ƙasa zai wuce shi.

Daga cikin gida muka ji an ture kujera. Sai muryar tsohuwa, tas da ita, irin ta mai gida da ta saba ba da umarni.

"Ina yaran nan suke? Babba, ba ka ji ba ne? Buɗe ƙofa, babanku ya dawo."

Manaja ya tsaya kamar an dasa shi. Daga baya ya gaya mini shekara biyu ke nan rabon da ta kira shi da wannan sunan. Ya goge ido da hannun rigarsa mai tsada, ya zare sakata, ya ja ƙyauren har ƙarshe, ya riƙe shi da hannu biyu har babansa ya wuce ciki.