Taurari Ashirin da Uku da Tsakar Rana

Sati uku Auta ta yi tana jiran akwatin ya sandare a gabanta, ya ƙi. A kan teburinta lafiya lau yake, ɗan abu mai girman sabulun wanki, koriyar fitilarsa na ƙyaftawa duk daƙiƙa. Ta sa shi a firji, ta shanya shi a rana a bakin taga, har ta ɗaure shi a jikin janareta don ya sha girgiza. Ko gezau.

Ita ta ƙera shi da hannunta. Yayanta direba ne, shi ke kai alluran rigakafi ƙananan asibitocin bayan gari, kuma shi ya miƙa sunanta lokacin da ofishinsu ke neman na'urar da za ta riƙa faɗa musu inda mota take da irin sanyin da ke cikin firjin magani. Dokar ofishin ba sassauci: in bayanin sanyi ya yanke fiye da rabin awa, zubar da maganin ake yi. An riga an zubar sau biyu.

"Wuri ɗaya ne fa," in ji Yaya, yana tsaye a ƙofar ɗakin aikinta da makullin mota a hannu. "Da na haye gadar ƙarfe na fita fili, sai fitilar ta tsaya cak. Abokan aikina sun ce mutanen ɓoye ne ba sa son a san inda suke."

"Yaya, ni ban taɓa ganin aljani a cikin waya ba."

"To Injiniya, ke kika yi karatu. Ni dai kunya nake kwasa a ofis."

Ta ɗago ta dube shi. Da dariya ya faɗa, amma ta san shi. Ta ce tafiya ta gaba da ita za a yi.

Abu biyu ne a cikin akwatin. Akwai GPS, mai gano inda mota take, akwai kuma ƙwaƙwalwa, wani baƙin guntu da bai kai farcen babban yatsa ba. Waya ɗaya ce tsakaninsu, haruffa na bi ta cikinta ɗaya bayan ɗaya kamar mutane a ƙaramar ƙofa. Duk daƙiƙa GPS zai zubo rahotonsa, ƙwaƙwalwar ta tara shi a wani ma'aji da Auta ta ware masa, mai cin harafi ɗari biyar da sha biyu, sannan ta karanta. A teburinta rahoton bai taɓa wuce ɗari uku da hamsin ba, don haka ba ta taɓa zargin ma'ajin ba. Abin zargi ne kawai ya ƙare mata, shi ya sa ta umarci akwatin ya riƙa nuna mata komai a kwamfuta, har da yawan haruffan.

Da hantsi suka tashi, kwamfutar a cinyarta, wayoyi sun zagaye mata gwiwa. A tsakiyar gari, cikin dogayen gine-gine, haruffan ɗari biyu da sittin ne. Da suka shiga hanyar tsaunuka da itatuwa suka kai ɗari uku da arba'in. Yaya na ba ta labarin wani fasinja da ya taɓa ɗauka da akuya uku, tana cewa "uhm" ba tare da ta ji ba.

Suka haye gadar. Itatuwa suka ƙare, tsaunuka suka koma baya, ƙasa ta miƙe fetal babu ko turken lantarki. Sama ta sauko har ƙasa ta kowace kusurwa.

Ɗari huɗu da ashirin. Ɗari huɗu da saba'in. A gefen lambar akwai wata ƙarama da ba ta taɓa kulawa da ita ba, ita ma tana hawa: sha shida, sha tara, ashirin da ɗaya. Ɗari biyar da tara. Sai allon ya tsaya, fitilar ta daina ƙyaftawa.

"Tsaya, Yaya. Tsaya nan."

Ya gangara gefen titi. Ta cire wayar daga ƙwaƙwalwar ta haɗa ta kai tsaye da kwamfuta, sai ga haruffa na kwarara, layi bisa layi, sun haura ɗari biyar da arba'in. Ƙaramar lambar ta nuna ashirin da uku.

"Me ya mutu?" in ji Yaya.

"Babu abin da ya mutu. Miƙo min murfin akwatin sifanoninka."

Ta mayar da wayar, ta kashe akwatin ta kunna, ta sa Yaya ya riƙe murfin ƙarfen a karkace bisa eriyar da ke kan rufin mota, ya tare mata rabin sama. Ƙaramar lambar ta faɗo sha ɗaya, fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa. Ya janye murfin, ba a yi minti ɗaya ba ta sake sandarewa. Sau uku suka gwada, sau uku haka.

"Ƙaramar lambar nan yawan taurarin ɗan Adam ce," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Duk wanda GPS ya jiyo sai ya sa shi a rahoto. A gari gine-gine na tare su, shida ko bakwai yake ji. A nan babu abin da ya tare. Rahoton ya fi ƙarfin ma'ajin, ya malala ya shafe wurin da ƙwaƙwalwar ke ajiye abin da za ta yi na gaba. Sai ta tsaya, ba ta san ina za ta nufa ba."

Yaya ya ɗaga kai, murfin na hannunsa. Rana tsaka, sama shuɗiya fes, ko tsuntsu babu.

"Ashirin da uku? Yanzu haka, a saman kanmu?"

"Wasu a sama, wasu can dab da ƙasa. Nisansu ya kai kilomita dubu ashirin."

"Suna ganinmu?"

"Ba sa gani. Magana kawai suke yi. Kowanne na faɗin ƙarfe nawa ne da inda yake."

"Da wa suke maganar?"

"Da duk wanda ya saurara."

Ita ma ta ɗaga kai. Ta karanta duk wannan a makaranta, ta ci jarrabawa a kansa, amma ba ta taɓa tsayawa a ƙarƙashinsa ba sai yau. Abubuwa masu nauyin mota suna gudu can inda babu iska, muryarsu na isowa a raunane, kuma ɗan guntun da ta liƙa da hannunta yana jin kowannensu, har jin ya yi masa yawa.

"Shekara sha tara ina bin hanyar nan," in ji Yaya a hankali. "Na ɗauka nan ne wurin da ya fi ko'ina shiru. Ikon Allah."

Gyaran bai ci minti goma ba. A kujerar gaba ta zauna, ƙofa a buɗe, Yaya na riƙe da murfin don bayanin sanyi ya ci gaba da tafiya. Ta sa ƙwaƙwalwar ta riƙa karanta rahoton layi-layi maimakon ta jira ya taru, ta hana ta zuba ko harafi ɗaya in ma'aji ya cika, ta kuma kunna mata maigadi, wani ɗan agogo da zai tashe ta in ta yi daƙiƙa biyu ba motsi. Ta tura gyaran, ta ce ya sauke hannu. Lambar ta hau har ashirin da biyar. Fitilar ba ta tsaya ba.

Sun isa asibitin farko da ɗan jinkiri. Nas ɗin ta buɗe firjin, ta duba ma'auni, ta ga digiri huɗu, ta sa hannu a takarda. A waje mata na zaune a kan benci da jarirai, tun safe suke jira. Auta ta taya Yaya sauke kwalayen, sannan ta nemi ruwa ta wanke hannu, don akwai sauran asibitoci uku a gabansu.