Haɗin Kujera a Ranar Kasafi

Lorna Behnke tana gudu a gefen gadon ɗaukar marasa lafiya, takalmanta na ƙwas-ƙwas a kan daɓen marmara, ma'aikatan motar asibiti biyu suna tura dattijo Arvid Tollefson zuwa ƙofar fita daga majalisar dokokin jiha. Yanzun nan ya yanke jiki ya faɗi a bakin ofishinsa, dafe da ƙirji.

"Daina kallona kamar gawa," ya ce da ƙyar, yana ture robar iskar da aka ɗora masa a hanci. "Yaushe za a kaɗa ƙuri'ar?"

"Da an dawo daga cin abincin rana. Baba Arvid, ka yi shiru don Allah."

"In babu ni kunnen doki za a yi, kunnen doki kuwa faɗuwa ce." Ya kamo hannun rigarta. "Je ki wurin Zastrow. Ki ce ina neman haɗin kujera."

"Zastrow? Merle Zastrow?"

"Akwai wani mai baƙin hali irinsa a gidan nan?"

Aka cusa shi a mota, jiniya ta tashi. Lorna ta tsaya a kan matakala.

Wannan ce shekararta ta farko a majalisa. Kafin nan motar 'yan makaranta take tuƙawa, kuma abu ɗaya ya kawo ta: inshorar lafiya ta gagari mutanen garinsu, har ƙanenta Wendell, kafinta mai ciwon suga, ya daina biya, yana raba allurar kwana ɗaya ta kai shi kwana biyu. Tollefson ne ya ɗauki kukanta ya cusa shi a kasafin bana, jiha ta ɗauke wa irinsu Wendell wani kaso na kuɗin inshorar. Sai dai kasafi buhu ɗaya ne, ba a tsintar abin da ake so a bar saura. A cikinsa akwai sashen da ya tsaurara lasisin taɓa fadama, kuma kowa ya san Zastrow, manomin kiranberi, wasu jajayen 'ya'yan itace da ake nomawa a fadama, ya daɗe yana jiran lasisin faɗaɗa gonarsa cikin fadamar da ke bayanta, don ɗansa ya samu nasa wurin. In kasafin ya wuce, wannan magana ta mutu.

Haɗin kujera kuwa, ta taɓa jin labarinsa a makon horar da sababbin shiga. Idan ciwo ya kwantar da ɗan majalisa, wani daga ɗaya ɓangaren yana iya yarda ya riƙe tasa ƙuri'ar, don kada rashin lafiya ta yanke hukunci. Ba dole ba ne. Ita dai ba ta taɓa ganin an yi ba.

A ɗakin cin abinci na ƙasa ta same shi, ƙaton tsoho mai jan wuya, ya sa burodi da cuku a gaba. Kusa da shi Brent Oberle ne, bulaliyar jam'iyyar su Zastrow, mai tabbatar da kowa ya kaɗa yadda jam'iyya ta ce, yana ta murmushi a kan wayarsa.

"A'a, ga direba," in ji Zastrow. "Kin ɓata hanya ne? Nan ba tashar yara ba ce."

"Ranka ya daɗe, an tafi da Tollefson asibiti. Zuciya ce."

"Na ji. Ban san yana da ita ba."

"Ya ce yana neman haɗin kujera."

Oberle ya tuntsire da dariya. "Haba Hajjaju ta majalisa! An ba mu nama a baki, ki ce mu tofar? Allah ya ba shi lafiya, amma bayan an kaɗa."

Zastrow bai yi dariya ba. Ya ajiye burodin a hankali. "Da bakinsa ya ambaci sunana?"

"Da bakinsa. Ya ce babu mai baƙin hali irinka."

"To shi ne, ba ƙarya kike ba." Ya goge baki. "Kin san abin da kasafin nan zai yi mini, 'yar nan?"

"Na sani."

"Kuma kika zo."

"An aiko ni ne. Kuma ƙanena..."

"Kowa yana da ƙane," ya katse ta. Ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya wuce bai ce e ba, bai ce a'a ba. Oberle ya bi shi da sauri yana raɗa masa magana a kunne.

Da aka buga ƙararrawar komawa zama, zauren ya cika maƙil. Hasken rana ya sauko ta gilashin rufin ya kwanta a kan kujeru, har ƙurar da ke yawo a iska ta koma kamar zinariya. A benen baƙi ga ma'aikatan jinya cikin kayan aiki, ga manoma da takalman roba, kowa ya leƙo. Lorna ta zauna ta dubi kujerar Tollefson, tabaransa na nan a kan tebur inda ya bar shi. Ta dubi babban allon da ke jikin bango, inda sunan kowa yake da fitilarsa, kore ko ja. Ta shiga tunanin yadda za ta gaya wa Wendell.

Kakakin majalisa ta ɗaga guduma. "Za a buɗe allo a kan kasafin kuɗi."

"Mai girma Kakaki."

Muryar ta fito daga can baya, kamar an ja tsohuwar ƙofa. Zastrow ne a tsaye. Oberle ya riƙo gefen kwat ɗinsa, ya kaɗe hannun ko kallonsa bai yi ba.

"Wannan kasafi shara ne," ya ce. "Na faɗa jiya, zan faɗa gobe. Tun gashina yana baƙi nake neman ranar da zan kayar da wancan tsohon a zauren nan. Amma ni zan kayar da shi, yana tsaye yana kallona. Ba zan bar wata jijiya a ƙirjinsa ta yi mini aikina ba. A rubuta na haɗa kujera da wakili Tollefson."

Ya zauna, ya naɗe hannuwa a ƙirji.

Zauren ya yi tsit, irin shirun da Lorna ba ta taɓa ji ba ko a coci. Sai fitilu suka fara kamawa, kore, ja, ja, kore, suna gangarowa ta jerin sunaye. Ta danna nata maɓallin. Allon ya cika duka, in ban da wurare biyu da suka tsaya baƙi ƙirin, na Tollefson, da na Zastrow a can ƙarshe.

Guduma ta sauka. Kasafi ya wuce da ƙuri'a ɗaya.

Benen baƙi ya ɓarke da ihu, Kakaki na ta buga tebur ba mai ji. Lorna ta kutsa cikin mutane tana neman Zastrow, amma kujerarsa ba kowa. A ƙarƙashin babbar ƙubbar ginin ta hango shi, shi kaɗai, ya jingina da ginshiƙi, waya a kunne. Ta matso da godiyarta a baki, sai ta tsaya cak.

"Eh, Duane, ya wuce," yake ce wa ɗansa. "A bar fadamar yadda take. Ka sallami mai motar haƙan." Ya saurara. "A'a. Ban kaɗa ba." Ya sake saurara. "Na ce ban kaɗa ba, kurma ne kai?"

Ya janye wayar daga kunnensa ya riƙe ta can nesa. Har inda Lorna take tana jin muryar ɗan tana tafasa a ciki. Tsohon ya ɗaga kai yana kallon zanen da ke can ƙololuwar ƙubbar, ya jira, ya jira, har muryar ta gaji don kanta. Sannan ya mayar da wayar kunne.

"In ka gama zagin," ya ce a hankali, "ka ba karnuka abinci. Zan yi dare, sai na biya asibiti."