Yaron Nan

"Ba zan buɗe ba, Baffa."

Ibtisam a durƙushe ta faɗa, don ko a wurin aiki ba ta yi wa ƙanin mahaifinta magana a tsaye. Alhaji Ja'afaru ya dube ta, ya dubi kwamfutar da ke kan tebur. Shi ya riƙe ta tun rasuwar babanta, shi ya kai ta makarantar koyon aikin lafiya, har ta samu aikin kula da bayanan marasa lafiya a wannan ƙaramin asibiti na Kusfa.

"Ba ke kika ce an haɗa ku da asibitin Ƙofar Galadima ba? Abin da aka rubuta can, ki danna ki gani nan?"

"An haɗa mu ne don in mutum ya zo nan, a san maganin da aka ba shi can. Shi ma sai da yardarsa."

"To yaron nan fa? Mai keke ya ce can yake sauke shi. Duk ya rame, ya zama kamar kara. Duba mini abin da ke damunsa."

Yaron nan shi ne Suhail, ɗansa na fari, magidanci mai gemu da shagon hatsi. Alhaji bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba. Kunyar ɗan fari ce, yadda ya gada. Komai zai gaya masa sai dai ya aika. Yau ga shi yana so ya aiki kwamfuta.

"Wane yaro, Baffa?" in ji Ibtisam, zuciya ta ɗebe ta. "Kwamfuta ba ta san yaron nan ba. Suna take so."

Leɓen Alhaji ya motsa, sunan bai fito ba. Ya miƙe ya kaɗe riga.

"Lallai boko ya yi rana," ya ce, ya fita.

Wunin ranar zama ya gagare ta. Ta share tebur, ta sake sharewa. Ta leƙa layin masu awo ta dawo. Da aka ɗauke wuta kwamfutar ta koma kan batir, ta sami kanta ta rubuta harafin farko na sunan yayanta, ta yi maza ta goge. Ita ma tana son sani. Ta ga yadda ƙasusuwan wuyansa suka fito ranar Juma'a. Ta san duk wanda ya buɗe bayanin wani, sunansa zai zauna a wurin, amma ba tsoron wannan ya hana ta ba. A cikin birni kowa ɗan uwan kowa ne. Matar da ke tari a kan benci surukar maƙwabcinsu ce. In ta buɗe wa Baffa yau, gobe wa za ta hana?

Ana tashi ta hau keke zuwa shagon Suhail. Ta tarar yana auna gero.

"A'a, likitar gidanmu! Allura kika kawo?"

"Yaya, Baffa ya zo wajena. Ya ce in buɗe bayananka a kwamfuta."

Murmushin ya ɓace. "Kin buɗe?"

"Ban buɗe ba. Amma kai ka je ka gaya masa. Hankalinsa ya tashi."

"Ni? In ya ji takuna a zaure littafi yake ɗauka ya kare fuska. Ta ina zan fara?" Ya zube geron a buhu. "Ina shan magani, Ibtisam. Asibitin can na zaɓa don a naku akwai ke. Zan faɗa in na shirya, ba kafin nan ba."

"To in ce masa kana shan magani?"

"Ko wannan kar ki ce."

Ta dawo a ƙafa, ta bi lungu-lungu tsakanin katangun ƙasa don kar ta isa gida da wuri. Ba ta da abin da za ta kai wa kowa.

Da safe ta durƙusa a ƙofar zaure ta gaishe da Baffa kamar kullum.

"Lafiya lau, Malama," in ji Alhaji, bai ɗago ba.

Tun tana rarrafe Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta tafi aiki kai a sama.

Damina ta shiga ta fita. Suhail bai shirya ba, Alhaji bai sake tambaya ba, ita kuma ba ta buɗe ba. Bai kore ta ba, bai hana ta tuwo ba. Sirrin yayanta yana nan a rufe, ita kuwa ta rasa uban da ya rage mata: a gidan da ta girma, Malama ce, baƙuwa.