Fiton Herminia

Wata Talata, shekara uku bayan mun binne matata Herminia, na tashi da safe na tarar na manta fitonta.

Fuskarta tana nan a bango. Fiton ne babu. Shekara talatin da takwas da shi take kirana cin abinci daga tsakar gida, gaɓa biyu, ta wushiryarta. Kullum sai ta yi sau biyu kafin in ajiye littafi in ce, "Na ji, ni ba kare ba ne." Ba wanda ya taɓa ɗaukarsa a kaset. Wa ke ɗaukar kiran cin abinci?

'Yarmu Yuranis tana haɗa wa masu manyan lasifikan birninmu Barranquilla kiɗa, irin wanda ke girgiza tagogin unguwa duk Asabar. Ba ganga, ba sarewa, kwamfuta kawai. Na sha gaya mata wannan ba kiɗa ba ne, ciwon kai ne mai tsari. Na yi shekara arba'in ina gyara kurakuran marubuta a maɗaba'a, ban saba da yabo ba.

Duk da haka na hau bene na same ta.

"Baba da kansa a ɗakin ciwon kai? Littattafan sun ƙare ne?"

"Na manta fiton uwarki."

Ta daina dariya, ta jawo mini kujera.

A allon kwamfutar akwai kunnuwa irin na murɗa rediyo, jere-jere, duk zane ne. Ta danna maɓalli, wani siririn sauti ya fito, miƙaƙƙe, irin na injin asibiti.

"Wannan na san shi," na ce. "Kashe shi."

"Haƙuri, tsoho. Daga nan ake farawa."

Ta murɗa kunne ɗaya, sautin ya daina faɗowa, ya koma shigowa a hankali. Ta murɗa wani, ya yi jela. Ta tace kaifinsa, ta raba shi gaɓa biyu, ta biyun sama da ta farko. Na karanta yadda ake ƙera jirgi da agogo, amma ban taɓa ganin an sassaƙa abin da hannu ba ya iya taɓawa ba. Ina zaune, iska tana zama fito.

Fito ne tsaf, mai daɗi. Na wata mata ne.

"Ba ita ba ce."

"Haba Baba, dubi layin, ko kaɗan bai kauce ba. Aikinmu ke nan, abin da ya karkace mu miƙe shi, huci kuma mu share."

"To shi ya sa. Uwarki ba ta taɓa hawa gaɓa ta biyu daidai ba. Takan tsaya ƙasa kaɗan, sannan ta lallaɓa ta hau. Kuma iska tana riga sautin fita."

"Wato mai gyaran kuskure yana so in sa kuskure?"

"Sa shi."

Ta buɗe wani sauti, shuu zalla kamar yayyafi a kan kwano, ta gutsuri ɗan mitsitsi ta liƙa a gaba. Ta sauke gaɓa ta biyu, ta sa ta zame zuwa sama. Ta ƙara amsa-kuwwa kaɗan, gwargwadon katangar tsakar gidanmu. Sannan ta danna.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai ganina na yi a bakin ƙofa, zan sauka in wanke hannu.

Yuranis ta rufe baki da tafin hannu. Sannan ta ce, "Yaya aka yi ka san shi haka? Kai da Mama ke cewa na farkon ba ka taɓa jinsa ba?"

Na ce ta sake dannawa.

Herminia, na farkon ina jinsa. Shiru nake yi don ki sake.